Birkin da ya kama a rumfa, ya saki a gangara

Ina shekarata ta uku a rumfar gyaran keke ta Baba, nan kusa da kasuwar Terminus a Jos, lokacin da abin ya faru, kuma a lokacin kaina ya fara girma. Na iya miƙar da gare, na iya saita giya, in an kawo keken gwanjo daga Turai ni ake kira. Baba tun zamanin Raleigh da Phoenix masu birkin sanda yake sana'ar, sai nake ganin birkin faifai ya fi ƙarfinsa, harka ce ta mu 'yan zamani.

Wata Alhamis wani ma'aikaci ya turo kekensa na tsere, irin mai lanƙwasasshen ƙaho kamar na rago. Birkinsa na faifai ne mai waya, ba mai amfani da mai ba. Kalifar baya, wato ɗan ƙarfen nan da ke cije faifan, ta tsage a wajen noti. A kwalin kayanmu akwai wata kalifa ƙirar Avid BB7 da muka cire daga wani keken hawan dutse da firam ɗinsa ya karye. Na ɗora ta kusa da tasa: girma ɗaya, jajayen maɓallan saiti iri ɗaya, ramukan noti sun hau daidai. Na ce masa, "Yallaɓai, ka ci sa'a, je ka sha shayi ka dawo."

Da na ɗaura na matsa hannun birki, sai ya tafi luƙus har ya kusa taɓa ƙaho. Nan ya kamata in tsaya. Maimakon haka na ƙara jan waya, na murɗa jan maɓallin ciki, na murɗa na waje, har takalman birkin, wato 'yan fatun da ke damƙe faifan, suka kusa manne masa. Taya na juyawa yana ɗan shii-shii, na ce zai goge da kansa. Na gwada a gaban rumfa, ya kama cak. Ya biya, ya yi godiya, ya hau.

Ranar Asabar ya tafi wajen duwatsun Shere kamar yadda ya saba. Wanda ya san Jos ya san ba garin da ake wasa da birki ba ne: garin kansa yana kan tudu mai tsayin wajen mita 1,200, Shere kuma ta haura 1,800, duk abin da ka hau sai ka gangaro shi. A doguwar gangara takalman suka ɗan ci, kaurin da bai fi na farce ba. Wannan ɗan cin shi ne duk rarar da na bar masa. Hannun ya kai ƙaho, tayan baya bai ji komai ba. Da birkin gaba da tafin takalminsa ya samu ya tsaya a bakin kwalbati. Ya iso rumfa da gwiwa a ɗaye, bai ɗaga murya ba, abin da ya fi zagi ciwo ke nan. Ya dubi Baba kawai ya ce, "Baba, yaronka ya kusa aika ni lahira."

Baba bai ce mini uffan ba. Ya kwance wayar daga kalifa, ya miƙo mini alƙalamin maka da rula, ya ce in ja wayar da filaya ta miƙe, in sa alama daidai inda ta fito daga robarta. Ya matsa hannun birkin har ƙarshe, ya ce in sake sa alama. Sai ya jawo wani keken dutse da ke jingine, muka yi haka. Tazarar alamun keken dutsen ta kusa ninka ta keken tseren. Sannan ya tofa yawu a yatsa ya goge jikin kalifar da na ɗaura, ga haruffa uku da ƙura ta rufe: MTN, wato "mountain" a taƙaice, alamar ta keken dutse ce. Ya ce, "Kama da wane ba ta wane. Kai ka iya karatun boko, ni ban iya ba, amma ni na ga rubutun."

Abin da na fahimta ranar, kuma na yi ta juya shi a raina daga baya, shi ne birkin waya ciniki ne tsakanin nisa da ƙarfi, kamar mai ɗaga dutse da ƙarfen haƙa. Hannun birkin keken tsere yana jan waya kaɗan amma da ƙarfi. Na keken dutse yana jan waya da yawa amma da ƙarancin ƙarfi. Wannan dogon jan ya bazu ne da birkin V, mai cije gefen gare, da kamfanin Shimano ya fito da shi a 1996, da birkin faifai mai waya ya zo wa keken dutse sai ya gaji hannuwan da ya tarar. Don haka kowace kalifa an ƙera cikinta ne don hannu iri ɗaya. A BB7 waya na jan wani ɗan hannu, shi kuma ya mirgina ƙwallayen ƙarfe a kan 'yar gangara, su tura takalmin waje, ya lanƙwasa faifan kaɗan har ya haɗu da takalmin ciki, wanda ba ya motsi. Wadda aka rubuta wa Road, wato ta keken titi irin na tsere, tana rufewa da ɗan gajeren ja. Mai MTN tana jiran dogon ja, wanda hannun keken tsere ba shi da shi ko ka matsa har yatsu su yi ciwo. Kamfanin TRP ma haka ya raba nasa: Spyre ta titi, Spyke ta dutse, su kuma takalmansu biyu ne ke motsi tare.

Kuskurena ma mai sauƙi ne, don hannu mai laushi yana tona kansa. Ɗayan ɓangaren ya fi mugunta, kuma shi na fi gani yanzu. Mutum ya sayi keken tsere na gwanjo, bayan sati biyu bayansa ya fara ciwo saboda sunkuyo, sai ya ce a cire masa ƙahon rago a sa miƙaƙƙe. Mai gyara ya ɗauko hannun birkin keken dutse, don shi ne ya cika kasuwa, ya haɗa da kalifar titi. Ka matsa ka ji tauri kamar dutse, da ɗan taɓawa ya tsaya, mai keke ya yi murmushi ya ce wannan shi ne birki. Ƙarya ce. Takalmi ya iso faifai da wuri, amma ba ƙarfin cizo. A fili ba za ka gane ba. Sai ranar da ruwan Agusta ya jiƙa faifan, ga gangara, ga mai adaidaita ya tsaya a gabanka ba sigina. Ni yanzu in na ji hannun birki ya cika tauri, hankalina ya fi tashi fiye da in ya yi laushi.

Ba kullum ake samun rubutu ba, kayan gwanjo sun sha rana sun sha hannu. Sai in auna daga ƙusar da hannun ke juyawa a kanta zuwa inda kan waya ya zauna. In tazarar ta gaza milimita 30 sosai, na gajeren ja ne. In ta haura, na dogon ja. Kan wayar ma yana ba da labari: na lanƙwasasshen ƙaho mai siffar ƙaramar ƙwarya ce da wuya, na miƙaƙƙen ƙaho kamar 'yar ganga a kwance. Wasu hannuwan Shimano na miƙaƙƙen ƙaho suna da mazauni biyu a ciki, ɗaya da alamar V, ɗaya da C da R, ka matsar da kan waya inda ya dace, magana ta ƙare. In na samu irinsu a kasuwa ba na barinsu. Akwai kuma wata 'yar gargare mai suna Travel Agent da ke ninka jan waya, amma sau ɗaya na taɓa riƙe ta a hannu, a jikin wani keke ta zo.

Sauran bambance-bambancen ido na ganinsu, shi ya sa ba su cika cutar da kowa ba. Faifan keken titi yawanci milimita 140 ne ko 160, na dutse 160, 180, har 203, don babban faifai ya fi ƙarfin riƙo kuma ya fi jure zafi. Mazaunin kalifa a sababbin kekunan titi shafaffe ne, notinansa kusa da juna. Na dutse ginshiƙai biyu ne masu tazarar milimita 74. In bai hau ba, bai hau ba, noti ne zai hana ka. Jan waya ne kaɗai ke barinka ka ɗaura, ka karɓi kuɗi, har a gode maka.

Wani abu da ba ruwansa da titi ko dutse, amma ba zan iya yin shiru ba: masu ɗiga baƙin mai a faifai don ya daina ƙara, don Allah ku bari. In ƙurar hunturu ce ke sa shi kuka, tsumma mai tsabta da sifirit sun isa. Takalmin da ya sha mai sai dai shara.

Sati uku muka yi kafin a samo kalifar Road daga Legas. Baba ya ce daga kuɗina za a cire, kuma ni zan kai keken har ofishin mutumin in ba shi haƙuri da bakina. Na kai. Ya hau ya zaga harabar sau biyu, ya matsa, ya saki, ya sake matsawa, ya ce, "To, ƙanena, yanzu na ji birki." Har yau ni ke masa gyara, sai dai duk zuwa sai ya tsaya ya ga na gwada da idonsa.

Ita kuwa kalifar MTN ɗin, bayan wata guda muka ɗaura ta a keken dutsen wani yaro da ke kai dankali daga Farin Gada zuwa cikin gari, buhu a kariya, kullum sau biyu. Sau ɗaya ya dawo, canjin takalmi.