Hannun da aka daina yi wa aike

Shekaru da dama masana sun ɗauka cewa ƙwaƙwalwar babba ta riga ta daskare, abin da ya lalace a cikinta ya tafi ke nan. Har Santiago Ramón y Cajal na ƙasar Sifaniya, wanda ya ci kyautar Nobel a 1906, haka ya fahimci jijiyoyin baligi. Aikin gashi da masu shanyewar ɓarin jiki ya nuna mini rabin maganar ce gaskiya. Ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da jini ya yanke musu sun mutu, amma na kusa da su kan karɓi aikin, muddin an ci gaba da nemansa a wurinsu.

Wani masani, Edward Taub, a Amurka ya yi gwaji da birai. Aka yanke jijiyar ji ta hannu ɗaya, sai birin ya yi watsi da hannun, alhali tsokarsa lafiya lau. Da aka ɗaure mai lafiyar, sai ga shanyayyen ya koma ɗaukar abinci. Ashe rashin amfani da hannun ma koyonsa ake yi. A 2006 aka wallafa wani gwaji mai suna EXCITE a kan mutum 222 da suka yi wata 3 zuwa 9 da shanyewar ɓarin jiki. An sa wa wasunsu safa mai kauri a hannu mai lafiya kusan duk yini, har mako biyu, suna atisaye da ɗayan zuwa awa 6 a rana. Bayan shekara guda, hannunsu ya fi na waɗanda aka bi da su yadda aka saba.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne tausayin dangi. Dattijo zai kai hannu wajen kofin kunu, yana karkarwa, kafin ya taɓa 'yarsa ta riga ta ɗauke. "Baba, bari in ba ka, kada ya zube." In ce, "Hajiya, don Allah ki bar shi ya zubar." Kallon da take yi mini ke nan kamar na zagi mahaifinta. Ba na ganin laifinta, tarbiyya ce ta hana ta zuba wa uba ido yana fama. Sai dai kowane kofi da ta ɗauke masa, ƙwaƙwalwarsa ta ƙara yarda cewa hannun nan ba shi da sauran amfani.

Shi ya sa nake ba su aikin da zuciya ke so: jan carbi da shanyayyen hannun, tsince wake a faranti, sa maɓallin riga, gutsurar tuwo. Wanda damansa ta shanye ya fi naci, a ganina, don babu dattijon da ke son a gan shi yana ci da hagu.

Ɗaure hannu mai lafiyar ba na kowa ba ne. Sai wanda wuyan shanyayyen hannunsa da yatsunsa ke ɗan miƙewa, kuma a ƙarƙashin kulawar ma'aikaci. Gaggawa ma tana da illa, domin wani gwaji mai suna AVERT na 2015 ya nuna yawan tayar da majinyaci cikin awa 24 na farko bayan shanyewar yana rage samun sauƙi. Kuma ƙwaƙwalwa ba ta tantance darasi mai kyau da maras kyau. Wanda ya saba ɗaga kafaɗa don ya kai cokali baki, haka za ta haddace, gyaran kuwa ya fi koyarwar farko cin lokaci.