Malami a ɗakin majinyata: wa zai biya shi?

A asibitocin gwamnati na Yamai, sau da yawa ɗan jinya ne ke laƙƙana wa mai gargara kalmar shahada, hannunsa na rawa. Ya kamata asibiti ya ɗauki malami da albashi, da fada ko fasto don Kiristoci. Ko Faransa, a dokarta ta 1905 da ta raba addini da gwamnati, ta yarda a biya irin waɗannan ma'aikata a asibiti da kurkuku.

Aikin a fili yake. Ya koya wa mai ƙarin ruwa a hannu taimama da dutse mai tsabta, da sallah a kwance. Ya fahimtar da mai ciwon suga cewa an yi masa rangwamen azumi. Ya tsaya kan wankan gawa da likkafani.

Matsala na zuwa in ba a horar da shi ba. Kofin rubutu ɗaya kafin tiyata na iya sa a ɗage aikin, domin mai cikakken ciki kan yi amai bayan allurar barci, ya shaƙe. A rubuta masa iyaka: ba ya hana magani, ba ya fitar da sirrin majinyaci, ba ya zuwa gadon wanda bai kira shi ba.