Sa'a guda tsakanin gida da labo

A aikinmu na labo, wato ɗakin gwaje-gwajen lafiya, a Yamai, babu gwajin da ke zuwa da kunya kamar na maniyyi, wanda likitoci ke rubutawa spermogramme. Magidanci zai tsaya nesa da taga har layi ya ƙare, sannan ya miƙo takarda a ninke. Saboda wannan kunyar, ba ya tambaya, mu ma sau da yawa ba ma tsayawa mu yi masa bayani. Abin da aikin ya koya mini shi ne, sakamakon gwajin nan yana iya lalacewa tun kwalbar da aka zuba maniyyin a ciki ba ta iso hannunmu ba.

Ƙwayoyin maniyyi ba su da ƙarko a waje. In ya zuba a tufa, tabarma ko fata, da zarar ya bushe sun mutu, abin 'yan mintuna ne. A ruwan wanka ma ba su daɗewa, balle in da sabulu. A jikin mace kuwa, lokacin da ƙwai ke gab da fita, suna iya kai kwana 5 da rai, alhali shi ƙwan sa'a 12 zuwa 24 kawai yake yi. Inda ake daskarar da su a ruwan nitrojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, sukan yi shekara da shekaru, a narkar, kuma a samu ciki da su. Shi ya sa in yarinya ta raɗa mini cewa tana tsoron ɗaukar ciki daga bayan gida, buta ko tawul, nakan ce mata, "Ɗiyata, kwantar da hankalinki, ba ta nan ake samunsa ba." Amma ina ƙara mata cewa in maniyyi mai danshi ya taɓa bakin farji, ko ba a sadu ba, ciki na iya shiga.

Kwalbar da ake kawo mana ita ce ta fi damuna. Littafin aikin Hukumar Lafiya ta Duniya, bugun 2021, yana so a fara dubawa cikin sa'a guda, kuma a riƙe maniyyin tsakanin digiri 20 da 37. To, a watan Afrilu da Mayu zafin garin nan yana wuce digiri 40. Mutum zai taso daga unguwar Harobanda da ke ƙetaren kogi a kan kabu-kabu, kwalbar tana cikin leda a rana, ya tarar da cunkoso a gadar Kennedy, ya iso bayan sa'a biyu. Wani kuma, don kyakkyawar niyya, zai nutsa ta cikin ƙanƙara kamar allurar rigakafi. Zafin da sanyin duk suna kashe motsin ƙwayoyin. In na ɗora irin wannan a mikroskop sai in ga yawancinsu kwance, alhali wataƙila mutumin lafiyarsa lau.

Yanzu ba na miƙa kwalba sai na ja mutum gefe. "Alhaji, a ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7, kada a gaza, kada a wuce. A rubuta lokacin da aka ɗiba. A sa kwalbar a aljihun ciki, ta manne da jiki, a zo nan kai tsaye." Ina kuma gaya masa kada ya yi amfani da kororon roba na kanti, domin yana cutar da ƙwayoyin, kuma in ɗigon farko ya zube a waje ya faɗa mini, saboda a nan ƙwayoyin suka fi yawa. Ban taɓa ganin wanda ya raina wannan bayanin ba. Kunyar takan sauka da zarar ya ga magana ce ta aiki.

Ina dagewa ne don na san nauyin takardar da muke sa wa hannu. Ma'aunin hukumar na ƙasa shi ne ƙwayoyi miliyan 16 a kowace mililita, kuma kashi 42 cikin 100 su kasance suna motsi. Wanda ya ga lambarsa ta gaza haka zai iya yanke ƙauna da haihuwa, alhali laifin rana ne da hanya. Ko an kiyaye komai ma, gwaji ɗaya ba hukunci ba ne. Jiki yana ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ya ƙera sababbin ƙwayoyi, don haka zazzaɓin cizon sauro da ya kwantar da mutum a damina yana iya rage su har wata biyu ko uku. A sake gwaji bayan wata 3 kafin a ce komai.

Ga kuma matan. A kusan rabin ma'auratan da ke fama da rashin haihuwa, akwai matsala ta ɓangaren miji. Amma mace ce ake kira juya, ita ke shan saiwoyi da rubutu, ita ake yi wa kishiya. Namijin da ya daure ya zo labo ya sauke wa matarsa kaya mai nauyi, kuma hakkinsa ne ya samu sakamako na gaskiya.

Abin da nake roƙon masu ɗakunan gwaji da shugabannin asibitoci shi ne ɗaki ɗaya mai ƙofa da makulli, da ruwa, nesa da idon layi, inda mutum zai ɗiba a nan take, in yana so ma ya zo da matarsa. Da wannan ɗakin, kwalba za ta iso teburinmu cikin minti biyar, kuma ba sai mun yi ta tambayar kanmu ko ƙwayoyin a jiki suka raunana ko a hanya ba.