Peugeot 504 ta Baba ta tashi

Alhamdulillahi, yau injin Peugeot 504 ta marigayi Baba ya tashi bayan shekara 11 a ajiye. Haɗin Kaduna ce, shi ya sa na ƙi sayar wa 'yan gwangwan.

Fistin da ringi ba su ba ni wahala ba. Kafireta ce ta sa na yi sawu huɗu zuwa Ƙofar Ruwa a Kano, sai a wurin wani dattijo na samu Solex ta asali, duk ta yi tsatsa. Bakanikena ya kwana biyu yana wanke ta da fetur, ya yanka sabon gasket da hannunsa.

Da ya ce, "Alhaji, murza makulli," na ji ƙarar da ke tashinmu zuwa makaranta. Wallahi sai hawaye.