Kwalejin Valencia da Lambar Yabon Aspen

A shekarar 2011 Cibiyar Aspen, wata ƙungiya mai zaman kanta a Amurka, ta fara karrama kwalejojin al'umma na Amurka masu karatun shekara biyu, kuma Kwalejin Valencia da ke Orlando a jihar Florida ce ta fara lashe lambar. Ma'aunin da aka bi ya burge ni ƙwarai, domin an duba yawan ɗaliban da suka kammala karatu da irin aikin da suka samu daga baya. Da yawa daga cikin ɗaliban kwalejin suna haɗa karatu da neman abinci, wasu ma da iyali a wuyansu. Malamai da ma'aikatan kwalejin sun cancanci yabo, musamman kan shirin DirectConnect, wanda ke tabbatar wa waɗanda suka gama karatu a kwalejin samun gurbin ci gaba da karatu a Jami'ar Central Florida.