Godiya bayan wata 9 ina fama da ciwon allon kafaɗa

Alhamdu lillahi, na samu sauƙi, kuma ya zama wajibi in gode wa waɗanda suka tsaya mini tun azumin da ya wuce, lokacin da ɗinkin Sallah ya sa nake kwana a kan keke a shagona da ke Fagge, har wani ciwo mai raɗaɗi kamar garwashi ya kama ni tsakanin allon kafaɗata ta dama da ƙashin baya. Wasu sun ce olsa ce, wasu sun ce sanyi ne. An yi mini ƙaho sau 2, an ɗauki hoton ƙashi, amma ba a ga komai ba.

Babbar godiyata ga likitan da ya duba ni a Asibitin Ƙashi na Dala, wanda ya bar bayan da nake nuna masa ya koma wuyana. Da ya danna gefen wuyan da yatsa, nan take ciwon ya amsa a baya. Ya bayyana mini cewa akwai wata jijiyar laka da ke fitowa daga tsakanin ƙasusuwan wuya, ta ratsa cikin wata tsoka, sannan ta gangara zuwa tsokokin da ke riƙe da allon kafaɗa. Idan tsokar nan ta ɗaure saboda yawan sunkuyo, sai ta matse jijiyar, mutum ya ji ciwon nesa da inda matsalar take. Shi kuwa hoton da aka fara yi mini, ƙashi yake nunawa, ba jijiya ba. Bai yi gaggawar yanke hukunci ba, sai da ya tura ni hoton MRI, wato hoton da ke nuna tsoka da jijiya, domin ya tabbatar ba faifan da ke tsakanin ƙasusuwan wuya ne ya zame ba. Wannan natsuwar tasa ita ce ta fi kwantar mini da hankali.

Ba a yi mini tiyata ba. Ina godiya ga ma'aikatan sashen gashin ƙashi, waɗanda suka yi mako 10 suna sassauta tsokar, suna koya mini atisayen wuya da kafaɗa, da yadda zan daidaita tsayin kujerata in riƙa miƙewa akai-akai.

Yaya, kai ka biya kuɗin hoton ba tare da na roƙa ba, Allah Ya saka maka da Aljanna. Maiɗakina da ta raba dare tana gasa mini baya, da yaran shago da suka riƙe amana, da masu kayan da suka yi haƙuri da ni, Allah Ya biya ku. Ranar Asabar zan koma shago, in Allah Ya yarda, amma rabin wuni tukuna, kamar yadda likita ya umarta.