Maganar tutar nan, kafin in bar sashen

Wannan makon zan ajiye aiki, kuma ba zan tafi da maganar nan a ciki ba.

Waɗanda muka yi aiki tare sun san manhajar. Furosesa ɗaya (ƙwaƙwalwar kwamfuta mai aiwatar da umarni) ya rubuta bayanai a ma'ajiya, ya ɗaga tuta, wato alamar cewa bayanan sun shirya, ɗayan yana ganin tuta sai ya karanta. Shekara da shekaru tana kan furosesa samfurin x86 ko tari ba ta taɓa yi ba. Da aka mayar da ita kan samfurin ARM sai ta fara kwaso tsofaffin bayanai jefi-jefi: tuta a sama, kaya bai iso ba. Oga ya ce ni na ɓata ta. Hujjarsa, kesh (ƙaramar ma'ajiya mai sauri kusa da furosesa) yana daidaita kansa, kuma an sa volatile (kalmar da ke tilasta wa manhaja karanta ma'ajiya kowane lokaci), to me ya rage?

Gaskiya ne kesh yana daidaita kansa. A tsarin daidaita kesh na MESI, wanda ya fito daga Jami'ar Illinois a 1984, furosesa ba ya rubutu a layin kesh sai ya soke kwafin da ke hannun sauran. Amma alkawarin nan na adireshi ɗaya ne, bai ce uffan ba kan wanda zai riga bayyana tsakanin adireshi biyu. x86 yana fitar da rubuce-rubuce a jerin da aka yi su, shi ya daɗe yana rufa mana asiri. ARM kuwa yana iya barin tuta ta riga bayanai, kuma volatile ba ya hana shi. Shinge ake buƙata a ɓangarorin biyu, wato abin da zai hana tuta riga bayanai: ko umarnin DMB na ARM, ko release da acquire na C11, sigar yaren C.

Na rubuta wa oga duk wannan dalla-dalla. A taron mako, gaban yaran da nake koya wa aiki, ya dube ni ya ce, "Malam, daina ɗora wa ƙarfe laifinka." Ba wanda ya tanka. Daga baya aka saka shingen, layi biyu kacal, da sunansa a kan gyaran. Takardar kimanta aikina ta shekarar har yau tana ɗauke da "rashin kula".

Sauran darussan gajeru ne. Kada ku haɗa ƙirgen furosesa biyu a layin kesh ɗaya mai bayit 64, layin zai yi ta kai-kawo tsakaninsu, aiki ya yi nauyi. In DMA, hanyar da na'ura ke zuba bayanai kai tsaye a ma'ajiya, ba ta bi ta kesh, ku soke layin kafin ku karanta abin da ta kawo.

Bayanin da na tura masa yana nan a rumbun sashen, da kwanan watansa. Wanda zai gaje ni ya duba.